Mayen Ƙarfe a Aboabo

Shekara talatin da huɗu Baba Inusa ya yi a Magazin,
bayansa a kan kwali, fuskarsa a cikin motocin mutane.
Yanzu yana gida, bakin kwata,
da janareta biyu, da injin niƙan Mame Serwa,
da hannun da ke rawa ba a buga masa ganga ba.

Sukurun kafireta da kaɗan ya fi ƙwayar dawa.
Sau uku ya ɗora shi a bakin sukudireba,
sau uku ya zame.
Na ukun ya gangara ƙarƙashin benci,
muka bi shi, ni da tocila da kaji.

Ya ce, Lariba, ɗauko sifikar nan
da ta mutu ranar sunan Mutawakilu.
Muka farke mata ciki. Ga shi kwance,
baƙi, zagaye kamar ƙuli-ƙulin Asawasi,
maye, amma kurwar ƙarfe kaɗai yake kamawa.

Bai taɓa shi ba sai da ya kwance agogo,
ya haɗa da wayata da katin banki, Inna ta kai ɗaka.
Ya kori yara daga tsakar gida.
Gutsuren wannan abu, in biyu suka shiga ciki,
ta cikin hanji za su nemi juna.
Ya aika wa Alhaji Gariba, mai batir a ƙirji:
yau dai a sha shayi a can ƙofarka.

Shafa, in ji shi. Daga gindi zuwa baki.
Ɗaga. Koma gindi.
Kada ki dawo ta hanyar da kika bi,
abin da kika ba shi za ki ƙwace.
Na ƙirga arba'in, ana tallan koko a waje,
na ɓata lissafi, na sake daga goma.

Awudu ya leƙo da gajen haƙurinsa:
Masta, a naɗa waya a soka a bango mana!
Baba ya dube shi har ya sunkuyar da kai.
Wutar bango ba ƙanwar lasa ba ce.
In waya kake so, nemo mai riga,
nemo batirin tocila,
taɓa ka saki, kamar mai gwada zafin tukunya.
Ta yi ɗumi, ka bar ta ta huce.

Na kai bakin sukudireba kusa da sukuru.
Ya yi tsalle ya manne,
ɗan akuya ya ga uwarsa.
Daɗi ya kwashe ni, na jawo kwalin boris.
Ya riƙe mini hannu. Banda wannan.
Boris in ya koyi maita,
garin ƙarfe zai tara, ya ci kansa da kansa.
Kuma kada ki bugi abin da kika shafa,
kada ki kai shi wuta. Mantuwa yake yi.

Saura ɗaya, ɗan ja mai huda a tsakiya.
Na kai masa ƙarfe, ko gezau.
Na ƙara shafa ashirin, ko gezau.
Baba ya yi dariya har da tari.
Tagulla ce, ba ta amsa kiran maye.
Wannan sai yatsu.

Ya dubi nasa. Ya ɗora su a gwiwa.

Na ɗauka da nawa, na zura,
yana faɗa mini dama, kaɗan, tsaya, ya isa.

Da magariba aka ɗauke wuta, unguwa ta yi ihu.
Awudu ya ja igiya sau biyu.
Janareta ta yi kaki, ta kama.
Mayen kuwa yana cikin gwangwanin madara,
can saman kabad, inda Mutawakilu bai kai ba,
ya rungume allurar Inna
da muka yi wata guda muna nema.